NAZARI: Shekarun da ɗalibi ke biya idan ya sauya jami'a don karanta injiniyancin sinadarai

A watan Oktoban 2025 ne Aliko Dangote ya bayyana cewa zai faɗaɗa matatar mansa da ke Lekki a Jihar Legas, daga ganga 650,000 a kullum zuwa ganga miliyan 1.4. Nan take masu sharhi kan tattalin arziki suka duƙufa lissafin dala da farashin lita. Amma akwai wani lissafin da ake yi a ɗakunan kwanan ɗalibai da zaurukan gidaje, wanda ba kasafai yake fitowa a jarida ba. Lissafi ne na matashin da ya nemi gurbin injiniyancin sinadarai, aka ba shi kimiyyar sinadarai zalla ko wani fannin da bai taɓa kawowa a ransa ba, ya karɓa don gudun zaman gida, yanzu kuma yake tambayar ko zai iya ɗaukar jakarsa ya koma wata jami'ar da ke da sashen da yake so.

Amsar da dokokin jami'o'i ke bayarwa ita ce e, zai iya. Da wuya a sami jami'ar da littafin ƙa'idojinta bai tanadi babin karɓar ɗalibi daga wata jami'a ba. Sai dai tsakanin abin da ke rubuce da abin da ɗalibi ke tararwa a ofishin magatakarda akwai tafiya mai nisa, kuma da shekarun rayuwa ake biyan kuɗin motar.

Ba abin mamaki ba ne fannin ya yi farin jini. An ƙaddamar da matatar Dangote a ranar 22 ga Mayun 2023, ta fara fitar da man dizal da na jirgin sama a farkon 2024, sannan fetur a watan Satumban wannan shekara. A gefenta akwai masana'antar takin yuriya mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, wadda aka buɗe a Maris ɗin 2022. Ga Indorama a Eleme, ga kamfanin iskar gas na NLNG a tsibirin Bonny. A Arewa ana jiran bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, an kuma yi bikin fara haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022. A tsallaken iyaka, matatar SORAZ ta Damagaram tana tace ganga 20,000 a kullum tun 2011. Duk inda aka ambaci ɗaya daga cikin waɗannan, aikin injiniyan sinadarai ake magana. Yaron da ya tashi yana jin sunayen nan a rediyo bai yi laifi ba idan ya ga can ne makomarsa.

Matsalar ita ce gurbin bai kai yawan masu nema ba. Kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB a 2025, kuma tsofaffin sassan injiniya ƙalilan ne kowa ke rububi. A Arewa sunayen da aka fi sani su ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, Jami'ar Maiduguri, Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, sai Jami'ar Bayero ta Kano da ta haɗa fannin da injiniyancin man fetur a sashe guda. Wanda bai samu shiga ta ƙofar gaba ba, sai ya fara tunanin ƙofar gefe. Wannan ƙofar ita ce sauya jami'a.

Ba su kaɗai ke ƙwanƙwasa ta ba. Akwai waɗanda yaƙi ya koro daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023. Akwai waɗanda faɗuwar naira ta koro: kafin a saki darajarta a watan Yunin 2023 ana canjin dala a kusan naira 460 a hukumance, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, har ta kai Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da ɗaliban Najeriya da dama a Mayun 2024 saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. A Afrilun 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tallafin karatu na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, wanda ya daɗe yana kai ɗalibai Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari. Sannan akwai iyayen da suka nemi ɗauke 'ya'yansu bayan sace ɗalibai a Gusau da Dutsin-ma a 2023, da waɗanda kuɗin jami'a mai zaman kanta ya fi ƙarfinsu a tsakiyar hanya. Dukansu a layi ɗaya suke tsaye, gaban taga ɗaya.

Sarƙar da ba a shigar ta daga tsakiya

Kafin a ɗora wa jami'o'i laifi, ya kamata a fahimci abin da ya sa wannan fanni ya fi wasu tsauri wajen karɓar baƙo. Kuskuren da ɗalibai da iyaye suka fi yi shi ne ɗaukar kimiyyar sinadarai da injiniyancin sinadarai a matsayin Ɗanjuma da Ɗanjummai. Sunan ne ya yi kama, aikin ya sha bamban. Masanin kimiyyar sinadarai yana gano cewa idan an haɗa kaza da kaza a cikin ƙaramar kwalba za a sami kaza. Injiniyan sinadarai shi ne wanda za a ce wa: to, muna son tan dubu uku na wannan abu a kowace rana, ba tare da ya fashe ba, ba tare da mun yi asara ba.

Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwon biki ta san cewa tukunyar mutum goma da ta mutum ɗari biyu ba hannu ɗaya ake yi masu ba. Dalilin lissafi ne. Idan aka ninka faɗin tukunya da tsayinta sau biyu, abin da take ci yana ninkuwa sau takwas, amma fatar jikinta, inda zafi ke shiga ya fita, sau huɗu kawai take ninkuwa. Saboda haka haɗin da ke fitar da zafi, wanda a ƙaramar kwalba iska kaɗai ke sanyaya shi, a babban tanki zai iya tara zafin da ya fi ƙarfin abin da ke fita, zafin ya ƙara hanzarta haɗuwar, haɗuwar ta ƙara zafin. Irin wannan ne ya auku a Bhopal ta Indiya a Disamban 1984, lokacin da ruwa ya shiga tankin wani sinadari mai guba, dubban mutane suka mutu. Malamin da ya ƙi yarda a tsallake wa ɗalibi darasin tafiyar zafi ba mugunta yake yi ba.

Shi ya sa aka gina karatun kamar sarƙa, shekara biyar. Aji ɗaya lissafi ne da fiziks da kimiyyar sinadarai, kusan iri ɗaya da na sauran ɗaliban kimiyya. Aji biyu na injiniyanci ne baki ɗaya: zanen injiniya, aikin bita, lantarki, ƙarfin ƙarafa, lissafin injiniya, tare da darasin da shi ne harsashin fannin, wato daidaita abin da ya shiga da abin da ya fita. A sauƙaƙe, idan aka zuba gyaɗa mai nauyin tan goma a injin matsa, dole nauyin mai da tunkuza da ruwan da ya tashi ya koma tan goma cif. In bai kai ba, akwai inda ke yoyo ko inda ake sata. A kan wannan ake ɗora gudanar ruwa a bututu, tafiyar zafi, rarrabe abubuwa a hasumiyar tacewa, da zayyana tukunyar da sinadarai ke haɗuwa a cikinta. A aji huɗu ɗalibi yana fita horon masana'anta na wata shida a ƙarƙashin shirin SIWES. A aji biyar sai a ce ya zayyana masana'anta sukutum, daga ɗanyen kaya zuwa ƙiyasin kuɗi.

Kowane darasi yana da wanda dole a ci kafin a shiga shi. Wannan ne ya sa ɗalibin da ya kai aji uku a kimiyyar sinadarai, ko da makinsa ya yi kyau ainun, idan ya nemi komawa injiniyanci aji biyu za a mayar da shi, domin bai taɓa riƙe allon zane ba, bai shiga ɗakin bita ba. A lissafa: ya yi shekara biyu ko uku a inda yake, zai ƙara huɗu a inda ya koma. Digirin shekara biyar ya zama na shida ko bakwai, kafin a sa yajin aiki a ciki. Ƙungiyar ASUU ta yi wata tara tana yaji a 2020, ta kuma yi wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Tun daga nan kalandar jami'o'i ta wargaje, wannan na zango na biyu wancan na shirin buɗe sabuwar shekara. Ɗalibin da ya bar tasa jami'ar a lokacin da bai dace da kalandar waccan ba yana iya zaman wata shida ko fiye a gida, ba ya nan ba ya can.

Shekarun nan ba lamba ce kawai ba. Wanda ya haura shekara 30 a ranar kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Manyan kamfanoni da ke ɗaukar sababbin injiniyoyi don horarwa sukan sa iyakar shekaru da ba ta kai talatin ba. Don haka mai yiwuwa ne matashi ya sadaukar da shekara biyu don ya sami digirin da zai kai shi matata, ya fito ya tarar shekarun da ya sadaukar ne suka hana a duba takardarsa.

Abin da 'yan Sudan suka tarar

Babu lokacin da tsarin ya fito fili kamar bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a ranar 15 ga Afrilun 2023. An kwaso 'yan Najeriya fiye da 2,000, wasu ta Aswan a Masar wasu ta Port Sudan, akasarinsu ɗalibai, da yawansu 'yan Arewa da ke karatu a Khartoum. A watan Mayun shekarar, magatakardan JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya gana da shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ya ce hukumarsa za ta share wa ɗaliban hanyar shiga jami'o'in gida. Amma ya tuna masu da ƙa'idar da ba a tsallakewa: babu jami'ar da za ta ba mutum digiri sai ya yi aƙalla shekara biyu a cikinta. Wato ɗalibin da ke ajin ƙarshe na karatun shekara biyar, aji huɗu zai koma, in ma an yarda da duk abin da ya karanta a baya.

Nan ne gizo ke saƙa. Kafin jami'a ta yarda da abin da ɗalibi ya karanta, sai ta ga kundin sakamakonsa, kuma al'ada ita ce tsohuwar jami'ar ce za ta aiko da shi kai tsaye, ba a hannun mai shi ba. To, wa zai aiko da kundi daga jami'ar da ma'aikatanta suka tsere, ginin kuma ya koma filin daga? Ko a lokacin zaman lafiya ma, duk wanda ya taɓa neman kundin sakamako a jami'ar gwamnati a Najeriya ya san wata nawa ake jira. Wa'adin neman sauyi kuwa ba ya jiran kowa.

Sharuɗɗan da galibin jami'o'i ke gindayawa sun yi kama da juna a zahiri: ɗalibi ya kammala aƙalla shekara ɗaya, ba korarsa aka yi ba, ya kawo takardar sallama, ya cika sharuɗɗan shiga na asali wato kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai, matsakaicin makinsa ya kai wani mataki, sannan a sami gurbi a sashen. A wannan sharaɗi na ƙarshe ne komai ke narkewa. Ba a saba ganin jami'a ta wallafa cewa bana akwai gurbi kaza a aji biyu na sashe kaza ba, ballantana ta faɗi yadda za a zaɓa idan masu nema sun fi gurbin yawa. Inda babu ma'auni a bayyane, wanda ya san wani shi ke shiga. Ɗan talaka ya biya kuɗin fom, wanda ba a mayarwa, ya yi ta sintiri.

Adalci ne a faɗi cewa jami'o'i na da dalilin yin taka-tsantsan. A ƙarshen Disamban 2023, ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya wallafa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya shiga aji ba. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi fiye da 22,000 daga ƙasashen biyu. Kafin nan ma JAMB ta bayyana cewa daga cikin sakamako 148 da Jami'ar Bayero ta bincika na masu neman shiga aji biyu kai tsaye, shida kaɗai ne na gaskiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai maganin takardar bogi shi ne a tantance ta, kuma tantancewa a wannan fanni ba ta da wuya. A zaunar da mai nema a ba shi tambayoyi biyar kan daidaita abin da ya shiga da abin da ya fita, da lissafin injiniya na aji biyu. Cikin awa uku za a san wanda ya yi karatu da wanda ya sayi takarda. Rufe ƙofa ga kowa saboda ɓarayi hukunci ne a kan masu gaskiya.

Manhaja ɗaya, ƙofofi daban-daban

Abin da ya sa wannan magana ta cancanci a tayar da ita yanzu shi ne hujjar da aka daɗe ana kafawa ta fara rauni. A da ana cewa kowace jami'a da manhajarta, don haka ba a iya gwada darasin Minna da na Zariya. A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, aka fara aiki da ita daga Satumban 2023. A ƙarƙashinta kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa a kowane fanni hukumar ce ta tsara, iri ɗaya a ko'ina, aka bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. ASUU ta yi adawa da tsarin, tana ganin kutse ne cikin ikon majalisun malamai na jami'o'i, kuma a wannan ƙorafi akwai abin dubawa. Amma tunda an riga an ɗora shi, ya kamata ɗalibi ya ci moriyarsa. Idan darasi ɗaya ne, da lamba ɗaya da nauyi ɗaya, a Yola da Ilorin, da wace hujja za a ce wanda ya ci shi a Yola ya maimaita a Ilorin?

Turai ta fuskanci irin wannan tambaya tuntuni. Ta fito da ma'aunin darasi na bai-ɗaya tun 1989, wanda ya ɗauki karatun shekara guda a matsayin maki 60, yarjejeniyar Bologna ta 1999 kuma ta yaɗa shi. Ko a can ba dole ba ne jami'a ta karɓi kowa, kuma ana samun saɓani. Bambancin shi ne ɗalibi yana iya sanin matsayinsa kafin ya motsa. A Najeriya sai ya motsa tukuna yake sani.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi gwamnati kai tsaye. A Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai. Hujjar da Minista Alausa ya bayar ita ce jami'o'i 199 ba su sami masu nema ko 100 ba ta hanyar JAMB, 34 kuma babu wanda ya neme su sam. Ma'ana, a wani wuri kujeru na kuka babu mai zama, a wani wurin ɗalibai na leƙen allo ta taga. Ƙasar da ke cikin wannan hali ita ta fi kowa buƙatar tsarin da ɗalibi zai yi aji ɗaya a jami'ar da ke kusa da gidansu, inda darussan kimiyya iri ɗaya ne, sannan idan ya nuna ƙwazo ya wuce inda akwai ɗakunan gwaji. Injiniyancin sinadarai fanni ne mai tsadar kayan aiki. Ba kowace sabuwar jami'a ce za ta iya mallakar hasumiyar tacewa ta gwaji da injinan musayar zafi ba, kuma gara a tara su a wurare ƙalilan masu inganci da a warwatsa sunan sashe a kan allunan gine-ginen da babu komai a ciki. Sashen Zariya, alal misali, ya shafe shekaru yana bincike kan sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina zuwa ziyolait, sinadarin da matatu ke amfani da shi wajen farfasa mai mai nauyi ya koma fetur. A garin ne kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, take. Irin wannan gado ba a gina shi da takardar amincewa ta shekara guda.

Tarkon da ba a gani sai an gama

Ga wanda ya ƙudurta sai ya sauya, akwai hukumomi biyu da mantawa da su ke jawo nadama. Ta farko ita ce COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya tun 1970. Amincewar NUC daban, tantancewar COREN daban, kuma rajistar zama injiniya ta dogara ne kan digirin da COREN ta tantance. Ɗalibin da ya bar sashen da aka tantance ya koma sabon sashe da ba a kai ga tantancewa ba saboda nan ne aka fi saurin karɓarsa, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Wannan ya ƙara nauyi tun da COREN ta sami kujerar wucin gadi a yarjejeniyar Washington a 2023, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta. Majalisar, ƙarƙashin Farfesa Sadiq Zubair Abubakar, ta kuma bayyana aniyar ƙayyade yawan ɗaliban da kowane sashen injiniya zai ɗauka tare da yi masu rajista tun suna makaranta, kamar yadda ake yi wa ɗaliban likitanci. Manufar mai kyau ce ga inganci. Amma idan ba a ware wa masu sauyi wani kaso a fili ba, ƙofar da dama ƙarama ce za ta ƙara tsukewa, domin babu shugaban sashen da zai bar kujera fanko yana jiran baƙo alhali ɗaruruwa na layi a ƙofar gaba.

Ta biyu ita ce JAMB kanta. Tun da aka kafa tsarin CAPS a 2017, duk gurbin da bai bi ta hukumar ba haramtacce ne a idonta, kuma hukumar hidimar ƙasa tana duba jerin sunayen JAMB kafin ta kira mutum. Idan takardar JAMB ta ce kimiyyar sinadarai a jami'a kaza, digirin kuma ya ce injiniyanci a wata jami'ar, sunan zai maƙale. Dubban ɗalibai sun ɗanɗana wannan a shekarun baya kan gurabun da makarantu suka bayar a ɓoye. Wajibi ne mai sauyi ya tabbatar sabuwar jami'ar ta shigar da sauyin a wajen JAMB tun a shekarar farko, kada ya bari sai ana shirin yaye shi. Kuma kada ya karɓi takardar sallama daga inda yake sai ya riƙe amincewar inda za shi a rubuce, da ajin da za a sa shi da darussan da aka yafe masa. Kowa ya san ƙarshen mai sakin reshe ya kama ganye.

Batun kuɗi ma yana da nasa lanƙwasa. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, da ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, makarantun gwamnati kawai ya shafa. Wanda ya bar jami'ar tarayya ya koma mai zaman kanta don ya sami fannin da yake so ya fita daga inuwar lamunin. Wanda ya yi akasin haka ya shigo cikinta, muddin bayanansa na JAMB da na sabuwar makarantar sun dace da juna.

Wata hanyar da ake rainawa ita ce ta kwalejin fasaha. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana koyar da wannan fanni, kuma mai difloma yana iya shiga jami'a kai tsaye ba daga aji ɗaya ba, ya iso da hannun da ya saba da bawul da famfo fiye da na takwarorinsa. Amma nan ma hukumomi ba su daidaita ba. A 2023 hukumar NBTE ta fito da shirin ƙarin shekara ɗaya don masu babbar difloma su mayar da ita digiri ta hanyar jami'o'in ƙetare, NUC ta fito ta ce ba da yawunta ba. Ɗalibi ne a tsakiya.

Akwai kuma tambayar da ya kamata mai shirin sauyi ya yi wa kansa, ko da ba ta da daɗin ji. Ina zai yi horon wata shidan nan? Matatar Kaduna, mai ƙarfin ganga 110,000 da aka buɗe a 1980, wadda a da ita ce makarantar aikace ta injiniyoyin Arewa, ta shafe shekaru ba ta tace mai, duk da kwangilar gyara da aka ba kamfanin Daewoo a 2023. Tsohuwar matatar Fatakwal da aka ce ta tashi a Nuwamban 2024 an sake rufe ta a Mayun 2025. Abin da ya rage a kusa su ne masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana, kamfanin sukari na Numan, matatun ruwa irin ta Tamburawa, majemun Challawa da Sharaɗa, da wuraren gauraya taki. Aikin injiniyan sinadarai ne a dukansu, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai wanda hoton Lekki kaɗai ya ja shi, ya sani cewa matata ta zamani injina ke gudanar da mafi yawanta, kuma yawan injiniyoyin da take ɗauka bai kai yawan masu mafarkinta ba.

Gyaran da ake buƙata bai kai a kai shi Majalisar Tarayya ba. NUC na da ikon umartar kowace jami'a ta wallafa yawan gurabun sauyi na kowane sashe a farkon shekara, da mafi ƙarancin maki, da ranar rufewa. Tana iya cewa darasin da ke cikin kashi 70 na bai-ɗaya, in an ci shi a sashen da aka tantance, ba a maimaita shi. Tana iya sa wa'adin kwanaki ga fitar da kundin sakamako. Ƙungiyar injiniyoyin sinadarai ta ƙasa da COREN na iya tsara jarrabawar gwaji guda ɗaya ga masu shigowa daga ƙetare ko daga fannin kimiyya. Jami'o'i za su ce wannan shiga hurumin majalisunsu ne, kuma haƙƙinsu ne su zaɓi wanda za su ba digirinsu. Babu mai musun haka. Abin da ake nema shi ne su faɗi ma'aunin da suke zaɓe da shi.

Rukunin farko na ɗaliban injiniya da suka fara da manhajar CCMAS a zangon 2023/2024 za su kammala ne a 2028, idan yajin aiki bai gifta ba. Waɗanda ke bayansu da shekara ɗaya ko biyu su ne ke aji ɗaya da aji biyu a zangon 2025/2026, matakin da sauya jami'a ke yiwuwa ba tare da babbar asara ba. Ga ɗalibin injiniyancin sinadarai wannan taga shekara guda ce tak, daga fitowar sakamakon aji ɗaya zuwa rufe rajistar aji biyu.